Aikin Dare da Girkin Rana: Yadda Ma'aikatan Jinya a Zariya Ke Raba Kansu Tsakanin Asibiti da Gida

A kowane ɗakin kwantar da marasa lafiya akwai wata takarda da ake liƙawa a bango kusa da teburin nas-nas, ko a ajiye ta a ofishin metiron, wato shugabar nas-nas. Sunaye a jere ta gefen hagu, kwanakin wata a sama, a tsakiya kuma alamomin safe, yamma, dare da hutu. Rosta ake ce mata. Ranar da sabuwa ta fito kowa sai ya ɗauki hotonta a waya, don da ita ce mace za ta san ko za ta samu zuwa bikin ƙanwarta a Ƙofar Doka, da wanda zai riƙa ɗauko yara daga makaranta a mako na biyu, da ko ranar girkinta za ta same ta a gida ko a bakin gadon wani. Duk mai son fahimtar yadda ma'aikatan jinya ke fama tsakanin asibiti da iyali, daga wannan takardar ya kamata ya fara.

Na faɗi haka ne saboda yadda aka saba tattauna batun. In an tara nas-nas a taron bita, shawarar da ake ba su kusan iri ɗaya ce: ki iya tsara lokacinki, kada ki kai damuwar asibiti gida, ki ƙara haƙuri, aikin lada ne. Aikin lada ne kuwa, babu mai musu. Sai dai shawarar ta ɗauka cewa lokacin yana hannunta, alhali ba ya hannunta. Ma'aikacin ofis in ƙarfe huɗu ta yi yana iya rufe fayil ya ce sai gobe. Nas ba ta da ikon barin ɗaki sai wadda za ta karɓe ta ta iso, sun bi gado-gado tare, ta miƙa mata aiki da makullin akwatin magani. In waccan ta makara da awa ɗaya saboda ruwan sama ko rashin abin hawa, daga lokacin gidan wannan aka yanki awar. In kuwa ba ta zo ba sam, an haɗa mata diyuti biyu ke nan, ko da akwai jariri a gida yana jiran nono.

Akwai wani ɗan lissafi da ke bayyana rabin matsalar. Mako yana da awa 168, kuma ciwo ba ya zuwa hutun Asabar da Lahadi. In ana son a samu nas guda ɗaya tak a tsaye a ɗaki dare da rana, kuma kowace ta yi awa 40 a mako kamar sauran ma'aikatan gwamnati, sai an ɗauki mutum huɗu da ɗoriya. In aka sa hutun shekara, da hutun haihuwa, da rashin lafiya, da masu tafiya ƙarin karatu, lissafin ya kai biyar ko ya haura. Ɗakin da ke buƙatar nas uku a kowane lokaci ke nan yana buƙatar wajen mutum 15 a rosta. In 10 ne a ƙasa, metiron hanya biyu ta rage mata: ko ta rage yawan masu tsayuwa a kowane diyuti, ko ta ci ranakun hutun mutane. Galibi duka biyun take yi, ba don mugunta ba, don babu na ukun.

Ƙarancin ba sabon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna cewa ƙasa tana buƙatar aƙalla likitoci da nas-nas da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000 kafin a ce kulawar lafiya ta isa ga jama'a. A Nijeriya nas-nas da ungozomomi ba su kai 2 ga mutum 1,000 ba, kuma rabon Arewa ya fi na Kudu ƙanƙanta. A kan wannan kuma sai ga ficewa. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya ce fiye da nas-nas 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ingila, Amurka, Kanada da Saudiyya ne manyan wuraren da ake nufa. Amma akwai wata hijirar ta cikin gida da ba a cika lissafa ta ba. In gurbi ya buɗe a asibitin tarayya, daga asibitin jiha ake cika shi. In ya buɗe a na jiha, daga ƙananan asibitocin karkara da asibitocin kuɗi ake zuwa. Zariya tana da dukkan matakan nan a wuri ɗaya: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, asibitin St. Luke na Wusasa da ya samo asali tun zamanin 'yan mishan, ga ƙananan asibitocin unguwa, ga na kuɗi birjik a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Duk wadda ta tashi daga sama, giɓin sai ya gangaro har ƙasa. Kuma masu tafiyar ba sabbin shiga ba ne yawanci. Masu shekara biyar zuwa goma sha ne a bakin aiki, waɗanda suka iya samun jijiyar jariri a gwaji ɗaya, waɗanda ake barin wa ɗaki da dare hankali kwance.

A ce ɗaki ne mai gado 30, ƙarfe biyun dare, nas biyu a bakin aiki. Ɗaya tana tura teburin magani tana bin gadaje da allurar da lokacinta ya yi, ɗayar tana kan wata da aka fito da ita daga tiyata da yamma, jininta yana ta sauka. Daga ƙarshen ɗaki wata mai jinya ta taso daga tabarmarta ta ce, "Sista, ruwan ya ƙare." Kafin ta juya, wani dattijo ya leƙo daga baranda: "Sista, don Allah zo ki duba Iya, numfashinta ya canza." Ta ce, "Ga ni nan zuwa, Baba," tana lissafin wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Maganin da likita ya rubuta wa gado na tara tun la'asar bai iso ba, ɗan majinyaciyar ya tafi gida neman kuɗi. Aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta ta kunna fitilar waya ta matse ta tsakanin haɓa da kafaɗa ta ci gaba da neman jijiya. Duk abin da ta yi kuma sai ta rubuta shi a fayil, don abin da ba a rubuta ba a ƙa'idar aikin kamar ba a yi shi ba ne. A yawancin asibitocinmu diyutin dare shi ne mafi tsawo, daga wajen takwas ko tara na dare har bakwai ko takwas na safe, kuma a jere ake yin sa, kwanaki da dama, kafin a ba da hutu.

Wannan zaɓen na wanda zai jira yana da farashi, kuma an auna shi. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka binciki asibitoci 168, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta yana ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100, yana kuma ƙara yiwuwar ita nas ɗin ta ƙone da gajiya da kashi 23 cikin 100. A 2014 aka maimaita irin binciken a ƙasashen Turai tara, aka sake samun kashi 7 ɗin. Abin lura a nan shi ne lamba ɗaya ce ke cin mutum biyu. Yawan gadajen da ke hana ta komawa gida da sauran ƙarfi shi ne ke hana ta lura da numfashin Iya a kan lokaci. Saboda haka wanda ya ɗauki hutun nas a matsayin gata da ake yi mata bai duba gefen majinyaci ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta mayar da ƙayyade yawan majinyatan kowace nas doka tun 1999, aka fara aiki da ita a 2004, har ta kai nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, biyu a ɗakin kulawa ta musamman.

Sai hanya. Da can asibitin koyarwa yana Tudun Wada ne, a tsakiyar mutane. A 2005 aka koma mazaunin dindindin a Shika, gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. Ginin ya fi, fili ya fi, amma gidajen ma'aikata da yawa ba su tashi tare da asibitin ba. Wadda ke zaune a cikin Birni ko Gyallesu ko Tudun Jukun sai ta hau acaɓa ko keke, ta sauka ta nemi bas, ta ratsa Kwangila, ta wuce Samaru, kafin ta isa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan zirga-zirgar ta koma cin wani babban yanki na albashi. Mai diyutin yamma ita ta fi shan wahala, don tana tashi ne lokacin da motocin haya suka fara ɗaukewa, ga mijin da dole ya fito da babur ɗauko ta in yana da shi. Ga kuma tsaro. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, suka yi awon gaba da mutane, ciki har da ma'aikatan jinya da ƙaramin yaro. Tun daga irin wannan, in miji ya ce hankalinsa bai kwanta da fitar dare ba, ba za a ce kishi ne kawai ba.

To mai diyutin dare ta iso gida wajen tara ko goma na safe. A takarda lokacin barcinta ne. Jikin ɗan Adam kuwa an halicce shi ne ya farka da haske ya kwanta da duhu, shi ya sa barcin rana yake zama gajere, marar nauyi, ko da a ɗaki mai sanyi da shiru. Balle gidan haya a watan Afrilu, kwano ya ɗauki zafi, babu wuta, injin markaɗe yana ƙara a maƙwabta, mai tallan awara tana sallama, yara sun dawo ƙarfe ɗaya suna neman abinci. Mu kuma a al'adarmu macen da hantsi ya dubi ludayi tana kwance, ba ma cewa ta gaji, cewa muke yi ta cika son jiki. Baƙuwa ta zo daga dangin miji, aka ce tana barci, sai ka ji an ce, "Har yanzu? Ikon Allah." Dole ta tashi ta gaisa, ta kawo ruwa, ta ɗora tukunya. Awa uku ko huɗu ta samu, yamma ta yi, ta sake ɗaura farar riga. Rashin barci na shekaru yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da ƙiba, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa sankara, a 2007, ta sake tabbatar da matsayinta a 2019.

A nan ne nake ganin tattaunawar ta fi rauni, domin ba a cika tambayar wa ke riƙe gidan ba in ita tana asibiti. Kowane diyutin dare da aka yi a Zariya, akwai wata mace a wani gida da ta yi nata diyutin ba albashi. Wani gidan kaka ce, da ciwon gwiwarta, take goya jariri tana jijjiga shi har asuba. Wani gidan ƙanwa ce aka ɗauko daga Giwa ko Soba ta zauna da yara, karatunta ya tsaya. Wani gidan babbar 'ya ce mai shekara goma sha biyu, ita ke dama koko, ta yi wa ƙanne wanka, ta isa makaranta an gama darasin farko. A gidan da ake da abokiyar zama kuma akwai lissafin kwana. In kwananta ya faɗo a makon dare, ko dai ya wuce ta, ko ta roƙi musaya. Inda ake zaman lafiya, abokiyar zaman ce babbar garkuwarta, ita ke karɓar girki da yara ba tare da gori ba, kuma irin waɗannan matan sun cancanci a ambace su. Inda babu jituwa, rostar asibiti sai ta zama abin da ake yaƙi da shi a tsakar gida. Asibiti ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan matan, ba su cikin kasafin kuɗi, amma ranar da ƙanwar ta yi aure ko kakar ta kwanta ciwo, washegari metiron za ta samu kira cewa wance ba za ta samu fitowa ba.

Kuma ko ranar hutun ba cikakken hutu ba ne, domin nas a unguwa asibiti ce. Ƙarfe goma sha ɗayan dare a ƙwanƙwasa ƙofa: "Anti, yaron nan jikinsa ya yi zafi, ko za ki taimaka ki duba." Da safe a kawo allurar da aka sayo a kemis a ce ta yi. Wata ta zo awon hawan jini, wani ya kawo takardar gwaji a fassara masa, dangi daga ƙauye su sauka a gidanta saboda suna da mara lafiya a Shika, ita za ta nema musu kati, ta san likitan da za a gani, ta ciyar da masu jinya. Ba ta iya cewa a'a, don zumunci da maƙwabtaka ba abin wasa ba ne a wurinmu, kuma sau da yawa ƙwanƙwasawar nan ceton rai ce ta gaske. Amma ya kamata mu san cewa aiki ne muke ɗora mata. Allurar da za a iya zuwa a yi a ƙaramin asibitin unguwa da rana, ba dole ba ne a tashe ta daga barci saboda ita.

Akwai wata tufka da warwara da muke yi a matsayin al'umma, kuma ita ce ta fi damuna. Magidanci ya kawo matarsa ɗakin haihuwa, ya tarar da namiji a bakin aiki, ransa ya ɓaci, ya ce a nemo mace. Yana da gaskiyarsa, mata da yawa su ma sun fi sakewa da 'yar'uwarsu. Amma shi wannan magidancin, in 'yarsa ta ce za ta shiga makarantar jinya, ko ɗansa ya kawo maganar auren nas, sai ya ce matar da ke kwana a waje ba ta riƙe gida. Wasu ma har da zargin banza suke haɗawa. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo, da dare ta fi zuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ne a je ƙaramin asibiti da tsakar dare a tarar babu ungozoma. In muna son mace ta karɓi haihuwar matanmu da ƙarfe ukun dare, dole wata 'yar wani, matar wani, ta kwana a asibiti, kuma dole gidanta ya ɗauki hakan a matsayin aikin mutunci. Maza da yawa a Zariya sun fahimci wannan, suna kai matansu su ɗauko su, suna kwana da yara, wasu har tukunya suke ɗorawa a ɓoye don kada abokai su ji. Bai kamata ya zama abin ɓoyewa ba.

Hutun haihuwa ya nuna yadda kyakkyawar doka ke iya zama nauyi in ba a biyo ta da hannaye ba. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta, daidai da wa'adin shayarwa zalla da nas-nas ɗin da kansu suke koya wa mata a wurin awo. Ma'aikatan tarayya kuma nasu bai kai haka ba. Ke nan mata biyu a gari ɗaya, aiki ɗaya, ɗaya ta koma bakin aiki jaririnta yana wata shida, ɗayar bai kai haka ba. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta ba mai shayarwa sassaucin awa biyu a kullum na wasu watanni bayan ta dawo, amma a ɗakin da mutum biyu ne a tsaye, wa zai riƙe gadajenta in ta tafi? Hutun wata shidan ma, in ba a kawo mai maye gurbi ba, sauran abokan aiki ne ke biyan sa da ranakunsu. Daga nan ake fara jin maganganu marasa daɗi a tsakanin mata, wance kullum ciki, wance ta bar mu da aiki. Laifin ba na mai ciki ba ne. A sana'ar da yawancin ma'aikatanta mata ne a shekarun haihuwa, ciki abu ne da ake sani tun kafin ya zo, ya kamata a ce yana cikin lissafin ɗaukar ma'aikata.

Maza ma'aikatan jinya nasu nauyin ta wata fuskar yake zuwa. Ba a tambayarsu girki, amma ana tambayarsu cefane da kuɗin makaranta da na haya. Shi ya sa ranakun hutun da ke bin makon dare, waɗanda aka ware don jiki ya dawo daidai, da yawa suke kai su asibitin kuɗi, ko shagon magani, ko gona da damina. Mata ma suna yi. Mutum ya fito daga dare a nan, ya shiga safe a can. Alawus ɗin haɗari ya shekara da shekaru yana naira 5,000 a wata, har annobar korona ta zo ta same shi a haka, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a ranar 30 ga Yulin 2025, wanda ta janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati, manyan buƙatunta sun haɗa da gyara alawus ɗin diyuti da na kayan aiki, da tsarin albashi na musamman, da ɗaukar sabbin ma'aikata da yawa. Wanda ya kalli jerin zai ga kamar maganar kuɗi ce zalla. Ni ina ganin maganar lokaci ce. Albashin da ya isa shi ne ke ba mutum damar kwanciya a ranar hutunsa.

Abin da ya hana tsarin rushewa har yau shi ne taimakon juna a tsakanin ma'aikatan. Musayar diyuti kamar adashe take, yau kin ɗauka, gobe kin zuba, kuma kowa yana riƙe da lissafi a kansa. A Zariya, inda Musulmi da Kirista suke aiki kafaɗa da kafaɗa, an daɗe ana yi wa juna wannan karamci: 'yar Wusasa ta riƙe wa abokiyarta ranar Sallah, ita kuma ta riƙe mata Kirsimeti da Ista. Da azumi wata ta tsaya a kan gadaje minti goma don ɗayar ta sha ruwa ta yi magariba. Abu ne mai kyau ƙwarai, amma yana da iyaka. Sabuwar ma'aikaciya da ba ta tara alheri a wurin kowa ba, ko wadda ba ta shiri da mai rubuta rosta, ita ce za ta tarar da sunanta a daren Sallah shekara biyu a jere. Ƙorafin son kai a rabon diyuti yana cin zuciyar ma'aikata fiye da yadda shugabanni ke zato, kuma maganinsa ba ya cin ko kwabo: a rubuta ƙa'idar rabon dare da ranakun bukukuwa kowa ya gani.

Na san abin da wasu masu karatu ke riƙe da shi a zuci: nas-nas ba su da kirki, suna yi wa mutane tsawa, suna wulaƙanta mai naƙuda. Ƙorafin gaskiya ne, kuma babu gajiyar da ta halatta a zagi mace tana kan gwiwa. Mai yin haka a hukunta ta. Amma in ana son abin ya ragu, sai an duba inda yake tsirowa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙonewa da gajiyar aiki cikin kundinta a matsayin abin da yanayin aiki ke haifarwa, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya daina jin tausayi, da raguwar ƙwazo. Ta tsakiyar ita majinyaci ke gani a fuska. Yarinyar da ta shiga makarantar jinya da zuciya mai taushi ba rana ɗaya take bushewa ba. Gawa nawa ta rufe wa ido, ta wanke hannu, ta koma gado na gaba ba tare da wani ya tambaye ta ya take ji ba? Ta koma gida kuma 'ya'yanta su tarar da ragowar wannan bushewar. Ga kuma 'yan'uwan majinyata da ke huce fushin tsadar magani da jinkirin likita a kanta, saboda ita ce a kusa, wani lokaci har da duka.

Ma'aunin abin da ya dace an daɗe da rubuta shi. Tun 1977 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya ta 149 a kan ma'aikatan jinya, tare da shawarwarin da ke cewa aikin yini kada ya wuce awa 12 har da ƙarin lokaci, a samu aƙalla awa 12 na hutu tsakanin diyuti da diyuti, hutun mako kada ya gaza awa 36 a jere, kuma a sanar da ma'aikaci jadawalinsa da wuri don ya tsara harkar iyalinsa. Gana da Kenya sun amince da yarjejeniyar, Nijeriya ba ta yi ba. Wasu daga cikin waɗannan shugaban asibiti zai iya aiwatarwa ba sai ya jira Abuja ko Kaduna ba. Bas da zai kwashi masu tashi da dare ya sauke su a Kwangila da Tudun Wada da Ƙofar Doka. Ɗakin reno a cikin harabar asibiti da ke buɗe har dare, don mai shayarwa ta leƙa ta dawo. Ɗaki mai makulli da katifa inda wadda ta tashi a makare za ta kwana lafiya. In an haɗa wa mutum diyuti biyu, a rubuta, a biya shi da ranar hutu ta gaske.

Sauran kuwa sai an ɗauki mutane. A Fabrairun 2024 majalisar kula da aikin jinya ta fito da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Toshe ƙofa yana iya jinkirta tafiyar mutum, amma ba ya ƙara ko hannu ɗaya a ɗakin da ke da gado 30. Alhali makarantar jinya ta asibitin koyarwa, da ta Wusasa, da sashen nazarin jinya na Jami'ar Ahmadu Bello suna yaye ɗalibai duk shekara, kuma da yawansu suna nan cikin gari, wasu a asibitocin kuɗi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu a gida suna jiran a buɗe gurbi. A asibitin tarayya, kafin a maye gurbin wadda ta tafi sai takarda ta bi ofisoshi da dama a Abuja an sa hannu, a na jiha kuma sai gwamnati ta amince da ɗauka. Watannin da takardar ke yi a hanya, waɗanda suka rage a ɗakin ne ke cike su da darensu da ranakun hutunsu.